Ragowar Maganinka, Baba

Zuwa ga mahaifina, Malam Ɗanlami mafarauci, na Rurum Sabon Gari.

Assalamu alaikum, Baba.

Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifinsa, na san takardar nan ba za ta same ka ba. Ko da kana raye ma ni nake karanta maka duk abin da aka rubuto, balle yanzu da ƙasa ta rufe ka wata bakwai ke nan. Amma maganar da ke cikina ta fi ƙarfin in riƙe ta, kuma babu wanda ta shafa kamar kai. Shi ya sa yau ban fita da adaidaita sahuna ba, na zauna a zaurenka da biro da takarda.

Bari in fara da labarin gida. Inna ta fita takaba lafiya. Ƙanwata Rakiya ta haihu, namiji, an mayar masa da sunanka, muna kiran sa Abba. Gonar bakin dutse mun yi mata dawa da gyaɗa kamar yadda ka saba. Gyaɗar ta yi kyau, dawar ce ba ta yi abin kirki ba. Bindigarka tana rataye inda ka bar ta. An zo neman a saya har sau biyu, Inna ta ce ba ta sayarwa ba ce.

Sai kuma karenka. Baba, Barsu ya mutu, kwana huɗu ke nan. Ni na kashe shi, da hannuna, kuma da maganinka.

Ka san tun da gadu ya buge shi a kwankwaso shekarun baya yake ɗan ɗingishi. Bayan rasuwarka ya daina fita ko'ina. Yana nan kwance a bakin zaure, inda kake ajiye takalmanka. Inna, da a da ko kallonsa ba ta son yi, ita ce ta koma zuba masa ɗumame kowace safiya. Da sanyin bana ya shigo, sai ƙafar ta tashi masa gaba ɗaya. In zai miƙe sai ya yi yunƙuri uku, yana wani kuka ƙasa-ƙasa. Na kasa jure kallonsa a haka.

Rannan ina kakkaɓe ɗakinka, sai na ci karo da gwangwanin madarar nan da kake ajiye maganinka a ciki. Kati uku na ƙwayar ciwon gwiwarka suna ciki, ba a taɓa su ba, irin waɗanda nake sayo maka a kemis duk ranar kasuwar Rano. Wallahi farin ciki na ji. Na ce a raina, abin da ya tayar da gwiwar mutum ai zai tayar da kwankwason kare. Har wani daɗi na ji cewa maganin ubangidansa ne zai warkar da shi. Ban tambayi kowa ba. Wa zan tambaya, bayan shekara uku ina ganin aikin ƙwayar da idona?

Na riƙa cusa masa ita cikin tsokar nama, ɗaya da safe, ɗaya da yamma. A rana ta biyu, ina shigowa unguwa da la'asar, sai ga Barsu a bakin hanya ya taro ni yana kaɗa wutsiya, yana bin keken da sassarfa har ƙofar gida. Rabon da in gan shi haka tun kana da rai. Na shiga na ba Inna labari ina dariya. Washegari na ƙara masa, biyu da safe biyu da yamma, don ya warke gaba ɗaya. Haka na yi maka kai ma lokacin da guda ɗaya ta daina yi maka aiki, ka tuna?

A rana ta huɗu ya fara amai. A ta biyar ya ƙi abinci, sai ruwa yake ta sha kamar wanda ya dawo daga farautar bazara. Sai ya fara wani irin kashi baƙi ƙirin kamar kwalta, mai warin da ban taɓa jin irinsa ba. Yana kwance ya lanƙwashe cikinsa, in na taɓa shi sai ya yi ƙara. Ka san abin da na yi? Cewa na yi ciwon ne ya ƙaru. Na buɗe bakinsa da ƙarfi na tura masa wata ƙwayar, na riƙe muƙamuƙinsa har ya haɗiye. Yana kallona. Bai ko yi yunƙurin cizona ba.

Da na ga jini a cikin aman, sai zuciyata ta tafi wani wajen. Ka tuna maƙwabcinmu Malam Ilu ya taɓa cewa a gaban mutane wata rana zai yi maganin karen nan, lokacin da ya kori tumakinsa? Shekara biyar da maganar, kun daɗe da shiryawa, amma ita ce ta faɗo mini. Na tare shi a ƙofar masallaci bayan sallar la'asar, jama'a suna fitowa. Na ce shi ya ba Barsu shinkafar ɓera. Na ce ya jira sai da ka mutu sannan ya huce a kan dabbar da ba ta da baki. Baba, mutumin da ya yi maka wanka, ya sa ka a likkafani, shi na tsaya ina nuna wa yatsa. Ya dube ni, ya sa takalmansa ya wuce gida.

Washegari da safe na shimfiɗa buhu a bayan keke na ɗora Barsu, na nufi Rano wajen likitan dabbobi. Mace na tarar, matashiya, mai magana a hankali. Ta ɗaga leɓensa ta nuna mini dasashinsa, fari fat kamar auduga. Ta danna cikinsa. Ta tambaye ni yaushe rabonsa da fitsari, sai a lokacin na lura tun jiya da safe ban ga ya yi ba, duk da ruwan da yake sha. Na ce mata guba aka ba shi, na ma san wanda ya ba shi. Ta ce to, amma ni fa, na ba shi wani abu? Na ce babu, sai dai maganin ciwon jiki kawai.

Ta ce in nuna mata. Na ciro katin daga aljihuna. Ta juya bayansa ta karanta, ta duba guraben da na ɓare, ta tambaye ni cikin kwana nawa. Na faɗa mata.

Ta ce sunan maganin dikulofenak, kuma yana da 'yan uwa da yawa da ake sayarwa don ciwon jiki da kumburin gaɓɓai. Ta ce cikin kare ba ya iya ɗaukarsa kamar na mutum, ƙwaya ɗaya tak ma tana iya yi masa rauni. Ta ce yana cin bangon ciki da hanji har su yi gyambo su riƙa zubar da jini, baƙin kashin nan da na gani jini ne da ya narke. Daga nan sai ya hana jini isa ga ƙoda yadda ya kamata, har ta tsaya. Ta ce kyanwa ma haka, ko fiye. Ta ce har ungulu, in ta ci mushen saniyar da aka yi wa allurarsa, mutuwa take yi. Ta ce babu wanda ya ba karena guba daga waje.

Ina tsaye ina jin ta, amma kamar daga cikin rijiya take magana. Ta sa masa ƙarin ruwa, ta yi masa allurai, ta ce za ta yi iya yinta amma an makara. Kafin azahar ya yi wata doguwar ajiyar zuciya, ya miƙe ƙafafunsa. Shi ke nan.

Da a nan maganar ta tsaya, da na yi kukana na share hawaye, na ce dabba ce, Allah ya yafe mini jahilcina. Amma lokacin da take cire masa robar ƙarin ruwan, sai na ji bakina yana tambayarta, mutum fa? Ta ce ita ba likitar mutane ba ce, amma abin da ta sani shi ne, mutum ya fi kare jure shi, kuma magani ne mai amfani in likita ya rubuta na 'yan kwanaki. Sai dai wanda ya mayar da shi abin sha kullum, wata da watanni, musamman tsoho, ko wanda ke sha cikinsa babu komai, to hanyar ɗaya ce: ciki, sannan ƙoda. Sai ta tambaye ni maganin na wane ne.

Na ɗauki Barsu a cikin buhun na fita. Na zauna a kan keke, makulli a hannuna, ina lissafi a raina.

Baba, shekara uku.

Ni na fara kawo maka ita. Lokacin gwiwarka ta hana ka zuwa gona, ta hana ka durƙuson salla, sai a zaune kake yi. Na tsaya a kemis na ce a ba ni mai ƙarfi. Ranar Juma'ar da ta biyo baya da ƙafarka ka taka har masallaci. Da muka dawo ka ce Allah ya yi mini albarka. Kai da ba ka cika yaba mini a gabana ba, saboda kunyar ɗan fari. Wannan albarkar ce na riƙa nema duk mako, nake zuwa da kati a aljihu.

Da sassafe kake sha, tun kafin Inna ta dama koko. Da azumi ka sha da sahur, ka wuni a gona cikin zafin nan babu ruwa a jikinka, ka ƙara da buɗa-baki. Da ka fara kukan ƙwannafi da zafin ciki, muka ce gyambon ciki ne irin na kowa, na riƙa sayo maka madara. Da ƙafafunka suka kumbura har takalmi ya daina shiga, muka ce sanyi ne. Da fuskarka ta tasa, fitsari ya ragu, muka ce tsufa ne. Kowane ciwo mun samo masa suna, amma ko sau ɗaya idona bai kai kan gwangwanin madarar nan ba. Yaya aka yi ban gani ba? Ni da na yi sakandare, ni da nake karanta rubutun bayan kati in faɗa maka ranar da zai lalace?

Ga abin da ya fi ci mini rai, kuma ban taɓa faɗa wa kowa ba sai cikin kwanakin nan. Ranar da muka kai ka asibiti a Kano, likitan ya kira ni gefe. Ya ce ƙodarka ta kusa daina aiki, ya tambaye ni ko akwai wani magani da kake sha kullum. Na ce babu, sai sassaƙe da jiƙo irin naku na mafarauta. Ya girgiza kai ya rubuta, ya ce mutanenmu ba sa jin magana a kan jiƙe-jiƙe. Na bar shi ya ɗora wa jiƙonka laifi. Ba ƙarya na yi niyyar yi ba, Allah shaida ne. Ban ɗauke ta a matsayin magani ba, ta zame mana kamar goro. A lokacin da nake ce masa babu, akwai kati a aljihuna. Kuma da yammacin ranar, kana kwance a gadon asibiti ka ce gwiwar ta dame ka, na ɓare biyu na ba ka da ruwan leda. Mutumin da ake shirin yi wa wankin ƙoda, Baba. Da hannuna.

Sau ɗaya aka yi maka wankin. Ba ka kai na biyu ba.

Na san abin da za ka ce. Za ka ce kwana ne ya ƙare, ba wanda yake wuce ranarsa. Na yarda da haka, ban taɓa ja da hukuncin Allah ba. Kuma babu wanda zai iya tabbatar mini yanzu cewa ƙwayar ce kaɗai, watakila akwai wani ciwon a ƙarƙashi. Amma kai ka koya mini cewa in ka ga sawu a bakin rafi, kada ka yi wa kanka ƙarya a kan dabbar da ta taka. Na ga abin da ta yi wa Barsu cikin kwana shida. Duk abin da na gani a jikinsa na taɓa ganinsa a jikinka, sai dai kai a hankali ya zo maka. Abu ɗaya ne kawai ban gani a wajenka ba, baƙin kashin nan. Da shi na riƙa lallashin kaina a hanyar dawowa gida.

Na binne shi a gonar bakin dutse, na jera duwatsu a kai don kada wani abu ya tone. Daga can ban shiga gida ba, masallaci na wuce. Na jira aka idar da la'asar, a gaban mutanen da suka ji na ci mutuncin Malam Ilu, na durƙusa a gabansa. Na faɗi duk yadda aka yi, na ce ni ne mai laifin, ya yafe mini don Allah. Ya kama kafaɗata ya tashe ni, ya ce ya yafe tun a ranar, ya san zafin rashinka ne yake magana ba ni ba. Sai ya ce in sake faɗa masa sunan maganin. Na nuna masa katin. Ya sa hannu a aljihun rigarsa ya ciro irinsa sak, an sha rabi. Ya ce kai ka ba shi na farko, shekara biyu ke nan, don ciwon bayansa. Kafin in rufe baki, wasu dattawa biyu a wajen suka ce su ma shi suke sha. Na roƙe su su je asibiti a duba su, su tafi da katin a hannu su nuna wa likita. Ban sani ba ko za su je.

Inna ce ta rage. Kwana biyu ina kewaye-kewaye na kasa faɗa mata. Jiya da hantsi na same ta tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida, na zauna kusa da ita na kwashe komai na faɗa mata, har maganar likitan Kano. Na zaci za ta yi salati, ko ta yi kuka. Ba ta ɗago kai ba, hannunta bai daina ɓara ba. Da na gama, sai ta ce ai kai, Baba, ka sani.

Ta ce tun kusan shekara guda kafin rasuwarka ka fara ganin baƙin kashin. Ta ce ka zargi ƙwayar da kanka, har ka daina sha na mako guda, abin ya ɗauke, amma ka kasa tashi daga kan tabarma. A rana ta takwas ka ce ta miƙo maka gwangwanin. Ta ce ta roƙe ka a faɗa mini a kai ka asibiti, ka ce a'a. Ka ce gara ka yi abin da ya rage maka a kan ƙafafunka da ka zama kayan da za a riƙa ɗagawa ana ajiyewa. Kuma ka sa ta yi maka alkawari ba za ta bari in ji ba, wai yaron nan shi yake kawowa, in ya ji zai ga laifin kansa.

Ashe ka sani, Baba? Duk ranar kasuwar da na miƙo maka kati ka karɓa ka sa mini albarka, ka san abin da yake yi maka? Ranar da na ba ka biyun nan a gadon asibiti, ka dube ni ka haɗiye, ka sani? Me ya sa ba ka ture hannuna ba? Da ka faɗa mini, da mun nemi wani maganin, da mun je wajen likitan ƙashi, da ko goya ka ne na yi zuwa masallaci. Ka yi zaton nauyin ɗaukarka ya kai wanda nake ɗauke da shi yanzu? Ka so ka kare ni daga ganin laifin kaina, ga shi na gan shi duka a rana ɗaya, kuma ba ka nan balle in durƙusa a gabanka kamar yadda na durƙusa wa Malam Ilu.

Ina jin haushinka, Baba. Ban taɓa faɗa maka irin wannan maganar ba kana raye, ban ma taɓa ɗaga ido na dube ka ba in kana faɗa. Amma yau ina jin haushinka, kuma ina kewarka fiye da ranar da muka dawo daga maƙabarta. Ban san yadda abu biyun nan suke zama a zuciya ɗaya ba.

Ina zaune a wajen ban gama farfaɗowa ba, sai Inna ta kwance bakin zanenta ta ajiye wani abu a kan tabarma tsakaninmu. Kati ne, saura ƙwaya uku. Ta ce tun tana cikin takaba bayanta ya riƙe saboda yawan zama, ta riƙa aikawa ana sayo mata. Kullum take sha, safe da yamma. Ta ce ta ɗauka sai an yi shekaru irin naka sannan yake yin illa. Na ɗauke katin, na tambaye ta ko cikinta yana mata zafi. Ta ce ɗan kaɗan, ba wani abu ba ne. Haka kai ma kake cewa.

Na dubi ƙafafunta. Ban sani ba ko idona ne yake gizo saboda tsoro, ko kuwa da gaske sun ɗan tasa. Tun jiya nake satar kallonsu, har ta lura ta ja zane ta rufe.

Gobe da sassafe zan kai ta asibiti a auna jininta da fitsarinta. Ta so ta ce a bari sai an gama aikin gyaɗa, na ce a'a. Karo na farko ke nan da na yi mata musu, kuma ta bar ni. In likita ya tambaya ko akwai abin da take sha, zan ajiye masa katin a kan tebur, in faɗa masa tun yaushe, sau nawa a rana, ba zan rage komai ba.

Ka yafe mini, Baba. Ni ma na yafe maka ɓoyewar da ka yi mini, ko da yake zuciyata ba ta gama hucewa ba. Allah ya jiƙanka, ya yalwata maka kabarinka, ya sa ciwon da ka sha ya zama kaffara. Allah ya bar mana Inna.

Na bar ka lafiya, sai ranar da za mu iske ku.

Ɗanka na fari,
Habibu.